Ciwo a ƙafa, ɓarna a zuciya: kurakuran da muke yi da majinyacinmu

Tsokar zuciya ba ta sake tsirowa yadda fata ke yi. Ko a jikin matashi, abin da take sabuntawa a shekara bai wuce kashi 1 cikin 100 ba. Ƙwayar da ta mutu tabo ne ke cike gurbinta, tabo kuwa ba ya harba jini.

Likitoci na kiran wata larura da suna sefsis. Ƙwayoyin cuta ne ke shiga jiki ta miki, ko ta mahaifa bayan haihuwa, ko ta huhu, sai garkuwar jiki ta tashi yaƙi har ta wuce gona da iri. Sinadaran da take zubawa cikin jini su saki jijiyoyi, bugun jini ya faɗi, iskar da ke ciyar da zuciya ta ragu. Sassan da ke samar da ƙarfi a cikin ƙwayoyin tsokar su gaza. Wasu ƙwayoyin su kumbura su fashe, wasu su kashe kansu a hankali. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2017 sefsis ta kashe mutum kusan miliyan 11.

Kuskuren da ya fi ci mana rai a Katsina shi ne ɗaukar kowane zazzaɓi a matsayin maleriya. Maijego ta kwana uku da haihuwa, jiki ya yi zafi, jinin biƙi na wari, sai a aika yaro kemis ya sayo magani. Washegari zafin ya sauka, tafin hannunta ya yi sanyi, uwar miji ta ce, "Alhamdulillahi, 'yar nan ta samu sauƙi." Wannan sanyin shi ne abin tsoro. Idan numfashi na sauri, zuciya na dukan uku-uku, magana ta fara rikicewa, ko ta wuni ba ta yi fitsari ba, a nemi mota a lokacin, ko da tsakar dare ne. Asibitin Koyarwa na Tarayya da na Turai Yar'adua na nan cikin gari, Daura ma tana da babban asibiti. Ana so allurar kashe ƙwayoyin cuta ta shiga jiki cikin awa ɗaya da gane larurar.

Miki ma haka. Toka, baƙin mai da ƙasa ba sa warkar da sara. A wanke da ruwa mai tsabta da sabulu, a rufe, a je a duba. Karayar da ƙashi ya huda fata ba ta mai ɗori ba ce.

Akwai kuma ɗan acaɓar da kan babur ya doke shi a ƙirji a hanyar Daura, ya miƙe ya kakkaɓe riga tunda bai ga jini ba. Zuciya na iya ƙujewa daga ciki. Ya bari a yi masa awon bugunta, da gwajin jinin da ke nuna ko tsokarta ta ji rauni. Wanda gini ko mota ta danne na tsawon lokaci, ko yana magana lafiya lau, asibiti za a wuce da shi, domin naman da ya murƙushe na sakin gishirin da ke iya tsayar da zuciya.

Ina roƙonmu da mu daina kiran mai allura gida ya rataya ruwa leda bayan leda. Ƙarin ruwa magani ne a sefsis, amma da awo; zuciyar da ta raunana idan aka cika mata ruwa, cikin huhu ruwan yake tafiya.

Raunin zuciyar da sefsis ke kawowa yakan warware cikin kwana 7 zuwa 10 ga waɗanda suka tsira, domin yawancin ƙwayoyin tsokar gazawa suke yi, ba mutuwa ba. Bayan sallama a shanye magani duka, a jinkirta komawa gona, kuma kumburin ƙafa ko haki a kwance ya sa a koma wurin likita.