Idan tsohon ɗalibinka ya nemo ka

'Yan'uwa malamai, idan tsohon ɗalibi ya yi maka sallama a Facebook bayan shekaru, kada ka tsaya a "Allah ya yi albarka" kawai. Ka tuna masa wani abu takamaimai, kamar yadda yake tsayawa goge allo bayan an tashi don ya samu yi maka tambaya. Nan zai san ba ka manta da shi ba.

Don Allah kada zancen farko ya zama neman alfarma, ko da ya zama wani babba. Abin yana zubar da girma. In zumunci ya ƙullu, nemi izinin shugaban makaranta ka gayyato shi aji, ya ba yara labarin wuyar da ya sha kafin ya kai inda yake.