Darasi na 7: Kunne da Aikinsa

Abin da muke gani a gefen kai ɗan yanki ne kawai na kunne. Aikinsa tattara sauti ya tura shi cikin ramin kunne. Tsawon ramin bai kai santimita 3 ba. A ƙarshensa dodon kunne yake, wata siririyar fata ce a ɗaure kamar fatar kalangu. Da sauti ya buge ta sai ta girgiza.

Bayan wannan fata akwai ƙananan ƙasusuwa 3 a haɗe da juna, su ke miƙa girgizar zuwa ciki. Na ukun, a duk jikin mutum babu ƙashin da ya kai shi ƙanƙanta. Daga wurin kuma wata 'yar hanya ta sauka zuwa maƙogwaro. Shi ya sa mura take toshe kunne, yara kuma su kan yi ciwon kunne bayan mura.

A can ƙurya akwai wani naɗaɗɗen bututu cike da ruwa, da dubban 'yan gasu masu laushi. Girgiza ta motsa ruwan, ruwan ya kaɗa gasun, jijiya ta kai saƙo ga ƙwaƙwalwa, sai mu ji. A lura da nan sosai: waɗannan gasu in sun mutu ba sa sake tsirowa. Mai wuni kusa da injin niƙa ko janareta yana kashe su kaɗan-kaɗan bai sani ba. Ya nemi abin toshe kunne. Sanƙarau da ƙyanda ma suna kawo kurumta, don haka a kai yara rigakafi.

Kunne ba ji kaɗai yake yi ba. Kusa da wancan bututu akwai wasu 3 masu lanƙwasa, su ma da ruwa a ciki. Su ke sanar da ƙwaƙwalwa duk inda kai ya juya, don kada mu faɗi. Yaro in ya yi hajijiya ya tsaya cak, ruwan bai gama juyawa ba, sai ya ga duniya tana zagayawa, jiri ya kwashe shi.

Kada a sa tsinke, ashana ko gashin kaza a kunne. Suna cusa dauɗa ciki, suna iya huda dodon kunne. Dauɗar ma kariya ce, da kanta take fitowa. In kunne yana fitar da mugunya, kada a ɗiga mai ko ruwan ganye, a tafi asibiti.

Aiki: Rubuta abubuwa 2 da ke lalata ji a unguwarku, ka karanta wa abokan karatunka.