Yadda Gidauniya Za Ta Gina Amana Da Ƙananan Ƙungiyoyin Sa-kai

A watan Mayun 2016, a taron jinƙai na duniya da aka yi a Santambul, manyan masu ba da tallafi suka amince cewa kafin 2020 kashi 25 cikin 100 na kuɗin agaji zai riƙa isa hannun ƙungiyoyin cikin gida. Shekarar ta zo ta wuce ba a kai ko kusa ba. Uzurin da aka fi ji shi ne ƙananan ƙungiyoyi ba su da tsarin riƙe kuɗi. Su kuma can suna ƙorafin cewa ana ɗaukarsu kamar ƴan kwangila, a ba su aiki a tsaya musu a kai da sanda. In kuna riƙe da gidauniya ko wani asusun tallafi, ga yadda za ku kauce wa wannan zaman doya da manja.

Ku fara da zuwa da ƙafarku. Kafin ku aika fom, ku je ofishinsu, ko da ɗaki biyu ne a bayan kasuwa. Ku gaisa, ku sha ruwan da aka kawo muku, ku tambayi shugabar ƙungiyar abin da ke hana ta barci a bana. Kada ku zo da aikin da kuka riga kuka tsara kuna neman wanda zai aiwatar. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo, kuma sau da yawa abin da gari ke buƙata ya sha bamban da abin da aka rubuta a ofis mai na'urar sanyaya ɗaki.

Sai ku ɗauke musu nauyin bincike. Rajistar ƙungiya a Najeriya tana hannun hukumar CAC, takardar SCUML kuma, wato shaidar rajista da sashen yaƙi da halasta kuɗin haram, tana ƙarƙashin EFCC. Ku duba waɗannan da kanku, ku tambayi waɗanda suka taɓa aiki da su. In sun riga sun rubuta wa wata gidauniya bayanin aikinsu, ku karɓi wannan ɗin. Fom mai shafi talatin da Turanci mai wuya yana tace wanda ya iya rubutu ne kawai, ya bar wanda ya iya aiki a waje.

Mataki na uku shi ne kuɗi, kuma a nan ake gane wanda ya yarda da gaske. Akwai masu ba da tallafi da za su biya kuɗin buhunan abinci amma su ƙi biyan hayar ofis, da albashin akanta, da man janareta, da datar waya. Daga baya su ne za su dawo su ce ƙungiyar ba ta da akanta ƙwararre. To da me za ta ɗauke shi? Gidauniyar Ford ta ɗaga kuɗin gudanarwa a tallafin ayyukanta zuwa kashi 20 cikin 100 a 2016, MacArthur, wadda ke da ofis a Abuja, ta kai nata kashi 29 daga 2020. Ko ba ku da ƙarfin waɗannan, ku tambayi ƙungiyar nawa take kashewa a zahiri don ta buɗe ƙofa kowace safiya, ku biya kasonku.

Ku kuma tsawaita wa'adi. Tallafin wata shida yana nufin tun daga wata na uku ma'aikata sun fara neman wani aiki. Shirin BUILD na Ford ya riƙa ba da tallafin shekara biyar, kuma mafi yawansa ƙungiya ce ke zaɓar inda za ta sa shi. Attajirar Amurka MacKenzie Scott ta raba biliyoyin daloli tun 2020 ba tare da gindaya sharaɗin yadda za a kashe ba. Ba kowa zai iya haka ba, na sani, amma shekara biyu ko uku ba ta fi ƙarfin yawancin gidauniyoyi ba. Sannan ku bar ƙofar gyara kasafi a buɗe. A farkon watan Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin hukuma, a farkon 2024 ta haura 1,500. Duk wanda ya ce sai an bi kasafin 2023 layi-layi a irin wannan yanayi, ya tura mutane ga yin ƙarya.

Maganar ƙarya ta kawo mu kan rasit. Ma'aikaciya ta hau acaɓa zuwa ƙauye, ta sayi itace da ruwa don taron mata, ta dawo. Ɗan acaɓa ba shi da rasit, mai itace ma haka. In dokarku ta ce kowace naira sai da rasit mai hatimi, abin da zai faru shi ne a sayo littafin rasit a kasuwa, a zauna da biro kala biyu a cike. Kuɗin an kashe shi a inda ya dace, amma kun koya wa mutanen kirki ƙirƙirar takarda, kuma ranar da odita ya gano sai a kira su ɓarayi. Ku amince da takarda mai sauƙi da mai karɓa zai sa hannu ko ya dangwala, ku ware manyan sayayya su ne za a nemi cikakkun takardu. Bincike kam a yi shi, amanar kuɗin jama'a ce, amma a faɗi ranarsa da abin da za a duba tun farko.

Rahoto ma a rage. Sau biyu a shekara ya wadatar, kuma kiran waya na rabin awa yakan fitar da gaskiyar da shafi ashirin ke ɓoyewa.

Abin da ya fi kowanne nauyi shi ne yadda kuka karɓi mummunan labari na farko. Za a kira ku wata rana a ce rijiyar da aka haƙa ba ta ba da ruwa ba, ko hanya ta rufe saboda rashin tsaro. In kuka amsa da barazanar dakatar da kuɗi, daga ranar ba za ku sake jin komai ba sai labari mai daɗi. Ku ce, “Sannu da ƙoƙari, Hajiya, yanzu me kike ganin ya kamata mu yi?” Ku ma in kuɗi zai makara daga ɓangarenku, ku faɗa tun da wuri, don akwai albashin mutane a rataye da shi.

Na ƙarshe, ku shirya rabuwa tun kuna tare. A Janairun 2025, da gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin ƙasashen waje, ƙungiyoyi da dama da ke aiki da kuɗin USAID, hukumar tallafi ta Amurka, sun wayi gari da umarnin tsayar da aiki nan take, ga ma'aikata ga marasa lafiya a layi. In za ku janye, ku sanar da wata shida ko shekara kafin lokaci, ku rage kuɗin a hankali, ku rubuta musu takardar shaida, sannan ku ɗauki waya ku haɗa su da wasu gidauniyoyin da kuka sani.