Yadda Ake Haɗa Takobin Wasa Mai Haske Da Sauti

Kafin ka sayi komai, ka tsayar da tsawon ruwan takobin, domin daga nan sauran lissafi zai fito. Santimita 80 ya ishi babban mutum, yaro kuwa 60. Ka nemi bututun folikabonet, wata roba mai ƙarfi da ake gani ta cikinta, mai faɗin milimita 25, shi ne zai zama ruwan takobin. Kada mai shago ya lallaɓe ka da na akirilik wai duk ɗaya ne. Ido ba ya bambanta su, amma akirilik na tarwatsewa da bugu ɗaya, ɓarɓashinsa kuma kaifi ne da shi.

Sauran kayan: zirin fitilun WS2812B mai ƙwan fitila 60 a kowace mita, Arduino Nano (ƙaramin allon da zai sarrafa komai), DFPlayer Mini mai kunna sauti da katin memori, sifika mai wat 3, MPU6050 mai jin motsi, batir 18650 da allon cajinsa TP4056 mai kariya, MT3608 na ɗaga wuta zuwa bolt 5, makunni, rezista mai om 330 da mai om 1000, kafasita 1000 µF, da guntun bututun ruwa na PVC mai faɗin milimita 40 don ƙota.

In ruwan na santimita 80 ne, yanka ziri biyu masu ƙwai 48 kowanne, ka manna su baya da baya, kibiyoyin da ke jikinsu duk suna kallon tsinin takobi. In ka juya kibiya, ko ƙwai ɗaya ba zai kama ba. Ka naɗe su da siririn soson da ake kunsa kayan lantarki, zagaye uku ko huɗu, sannan ka zura. Soson nan shi ke baza haske har ƙwayayen su daina fitowa ɗige-ɗige, shi ne kuma ke hana zirin kaɗawa a ciki. A goge bayan bututun da samfefa mai laushi har ya yi hazo.

Wuta ita ce inda aikin ke yawan lalacewa. Ƙwai ɗaya a cikakken farin haske yana jan kusan miliamfiya 60, ka ga ƙwai 96 sun doshi amfiya 6 ke nan, abin da MT3608 ba zai taɓa ɗauka ba. Alamar ita ce takobi ya kama, ya ɗauke, ya sake tashi, ko sauti ya yanke duk lokacin da haske ya cika. Maganin yana cikin shirin da za ka ɗora wa Arduino: laburaren FastLED, wato tarin umarnin sarrafa fitilun, yana da umarnin setMaxPowerInVoltsAndMilliamps, ka ba shi 5 da 1000, wato bolt 5 da miliamfiya 1000, ka kuma tsaya a launi ɗaya, ja ko shuɗi ko kore. Haka ma fa, kafin ka jona wa MT3608 komai, ka murɗa ɗan sukurin da ke kansa kana duba mitar auna wuta har ta nuna bolt 5. Yana iya fitar da sama da bolt 20, ya ƙone maka kaya cikin ƙiftawar ido. Kafasita a bakin zirin, rezista 330 a wayar da ke kai umarni daga Arduino zuwa zirin, duk wayoyin GND (negatif) kuma su haɗu wuri guda.

Katin memori a tsara shi da FAT32, a buɗe folda mai suna mp3, a sa wa sautukan suna 0001, 0002, haka har ƙarshe: na kunnawa, gurnanin takobi, wulwulawa, karo, da na kashewa. Rezista 1000 tana shiga tsakanin Arduino da ƙafar RX ta DFPlayer, in ba haka ba sifika za ta yi ta ƙarar shuu. Sauti ɗaya DFPlayer ke iya yi a lokaci guda, don haka gurnani zai tsaya in wulwulawa ta shigo. Ka sa Arduino ya riƙa karanta ƙafar BUSY ta DFPlayer, da zarar ta nuna an gama sai ka mayar da gurnanin.

MPU6050 na shiga ƙafafun A4 da A5 na Arduino. Da iyakar awo ta 2g yake zuwa (g ma'aunin ƙarfin motsi ne), wanda ko girgiza kaɗan ke cika shi, sai takobi ya ɗauki kowane motsi a matsayin karo. Ka ɗaga shi zuwa 16g, ka bar tazarar milisakan 300 tsakanin sautuka biyu.

A gwada komai a kan tebur na minti goma, a taɓa MT3608 a ji ko ya yi zafi, kafin a cusa cikin ƙota. Batir ya zauna a gidansa na roba, kada a ɗora masa dalma kai tsaye. Ruwan takobi ya shiga ƙota aƙalla santimita 6, a kama shi da sukuri biyu maimakon gam, saboda wata rana waya za ta tsinke ka so buɗewa. Sifika a gindin ƙota, a huda mata ramuka, a toshe gefenta da soso don sautin ya yi kauri.