Yadda Za Ka Gane Tarkacen da Kogin Ƙanƙara Ya Bari

In Allah ya kai ka Suwizalan, ka hau motar igiya daga ƙauyen Fiesch zuwa tsaunin Eggishorn, ka leƙa Aletsch, kogin ƙanƙara mafi girma a tsaunukan Alps, mai tsawon wajen kilomita 20. Kogin ƙanƙara shi ne tarin ƙanƙarar da ke gangarowa a hankali cikin kwari. Jama'a kan tsaya ɗaukar hoton farar ƙanƙarar. Ni dai duwatsun nake so ka duba.

Fara da baƙaƙen layuka biyu da suka ratsa tsakiyarsa. Wasu kan ɗauka hanyar mota ce. Can sama a Konkordia ne manyan rassan ƙanƙara uku suke haɗuwa, kowanne ɗauke da duwatsun da suka ruzgo masa daga gefe. Inda gefen wannan ya manne da gefen wancan, sai tarkacen ya koma tsakiya, ƙanƙara ta yi ta tafiya da shi a hankali.

Sannan ka ɗaga ido zuwa bangon kwarin. Za ka ga wani dogon tudu mai ƙoƙuwa kamar kunyar gona, samansa ciyawa da itatuwa, ƙasansa fili fetal, launin toka. Nan ƙanƙara ta kai a wajen shekarar 1860, kafin ta fara ja da baya. Duk abin da ke ƙasa da layin nan sabon wuri ne, tsiro bai gama kama shi ba.

In ka sauko kusa, tsuguna ka ɗebi ƙasar da hannu. A nan ne aikin yake. Ruwa yakan tace kayansa, yashi gefe, tsakuwa gefe, kuma ya goge su su yi sumul. Ƙanƙara ba ruwanta da tacewa: dutse mai girman ɗaki, kusa da shi tsakuwa mai kaifi, duk a cakuɗe cikin garin dutse mai laushi. Juya 'yan duwatsu, za ka samu masu zane a jiki, inda aka ja su a kan wani dutsen. Garin nan ne ke sa ruwan da ke fitowa daga ƙasan ƙanƙarar ya yi fari-fari.

Amma kada ka kuskura ka hau sabon tudu ta ɓangaren da ke fuskantar ƙanƙara. Sau da yawa akwai ƙanƙara a binne a cikinsa, da rana ta take sai ta narke, duwatsu su fara gangarowa babu sallama. Ka bi hanyar da aka yi wa alama, ka fita da sassafe, da takalmi mai kama ƙasa.