Yadda Ake Shirya Tafiya Zuwa Shikago da Matashi Domin Kallon Wasan Besbol

Matashi ɗan shekara 14 ko 16 ya wuce a riƙe masa hannu ana zagaya gari da shi, kuma bai kai a sake shi ya tafi shi kaɗai ba, shi ya sa tafiya da shi take buƙatar turke guda ɗaya wanda kowa ya yarda da shi tun daga gida. Ga mazauna Amurka da masu zuwa ziyara a lokacin zafi, wasan besbol a filin Wrigley na birnin Shikago, gidan ƙungiyar Cubs, ya dace da zama wannan turke, domin yana da rana da lokaci tsayayyu, kuma jirgin ƙasa na cikin gari yana kai mutum kusan ƙofarsa. A fara tsayar da ranar wasan, sannan a sayi tikitin jirgin sama, a kama otal, a tsara sauran yawo. Wanda ya juya wannan jeri yakan isa Shikago ya tarar ƙungiyar Cubs tana can wani gari tana buga wasannin waje.

Dalilin haka yana cikin tsarin kakar wasan. Babbar gasar besbol ta Amurka tana da ƙungiyoyi 30, kowacce tana buga wasa 162 daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Satumba, 81 a gida, 81 a waje. Ba a buga su ɗaya nan ɗaya can, sai dai baƙuwar ƙungiya ta sauka a gari ta yi wasa uku ko huɗu a jere da masu masaukinta, kullum ɗaya, kafin ta wuce. Saboda haka Cubs takan yi mako guda ko fiye a gida, sannan ta yi kwanaki kusan haka ba ta nan, ga kuma hutun 'yan kwanaki a tsakiyar Yuli da ake yi domin wasan zaratan 'yan wasa. Ana fitar da jadawalin watanni da yawa kafin kakar ta fara, don haka a buɗe shi tare da matashin, a nemi jerin wasannin gida da ya faɗo cikin hutun makaranta.

A cikin wannan jeri, a zaɓi wasa na farko ko na biyu, kada a zaɓi na ranar da za a bar gari. Filin Wrigley ba shi da rufi, kuma ba a buga besbol cikin ruwan sama mai ƙarfi. Idan hadari ya taso ana shimfiɗa babban tamfol a tsakiyar fili a jira, wani lokaci awa ɗaya, wani lokaci fiye. Idan ruwan ya ƙi ɗaukewa sai a ɗage wasan, sau da yawa zuwa washegari inda za a buga biyu a rana ɗaya, ko kuma zuwa wani watan daban. Wasan da aka riga aka buga zagaye biyar daga cikin zagaye tara nasa ana iya ɗaukarsa a matsayin kammalalle idan ruwa ya tsayar da shi. Wanda ya bar rana ɗaya a sake bayan ranar wasansa yana da mafita, wanda kuwa jirginsa zai tashi da asuba ba shi da ita. Haka nan a riƙa duba lokacin wasan Lahadi har zuwa kwanakin ƙarshe, domin gidajen talabijin suna iya sa a mayar da wasan rana zuwa dare.

Akwai wani abu da ya shafi iyalan Musulmi kai tsaye. Wrigley ya shahara da wasannin rana, domin sai a 1988 aka sanya masa fitilu, kuma har yanzu galibin wasannin ranar Juma'a ana fara su da ƙarfe 1:20 na rana, wato daidai lokacin da ake tafiya masallaci. Mai son zuwa Juma'a, misali a masallacin Downtown Islamic Center da ke titin State a tsakiyar birni, ya fi masa sauƙi ya zaɓi wasan Asabar ko na wani daren cikin mako. Wasan dare kuma yakan fara wajen ƙarfe 7, rana kuwa a ƙarshen Yuni ba ta faɗuwa sai wajen 8:30, don haka Magariba tana riskar mutum a tsakiyar wasa, kuma wanda ya fita daga filin ba a barinsa ya sake shiga. A tsara wannan tun a otal, a yi alwala kafin a fito.

Watannin Yuni zuwa Agusta su ne mafi daɗin yanayi. A Afrilu da farkon Mayu iskar da ke tasowa daga Tafkin Michigan tana ratsa kujerun da ke cikin inuwa har mutum ya riƙa karkarwa alhali a titi rana tana haske, saboda haka a tafi da rigar sanyi ko da an ga gari ya yi kyau da safe. Kuɗin tikiti yana hawa da sauka gwargwadon rana da abokan karawa: wasa da St. Louis Cardinals, tsoffin abokan hamayyar Cubs, ko da White Sox ta kudancin birnin, ya fi tsada nesa ba kusa ba a kan wasan daren Talata da wata ƙungiya marar ƙarfi. A guji ƙarshen makon da ake babban bikin kiɗa na Lollapalooza, wajen ƙarshen Yuli ko farkon Agusta, domin kuɗin ɗakin otal yakan yi tashin gwauron zabi.

Zaɓen kujera shi ne inda baƙi suka fi yin kuskure. An buɗe filin a 1914, Cubs ta koma cikinsa a 1916, kuma in ban da filin Fenway na birnin Boston babu filin da ya girme shi a gasar. Ginin irin na da ne: benen sama yana zaune a kan ginshiƙan ƙarfe, kuma duk wanda kujerarsa ta faɗo bayan ginshiƙi zai yini yana leƙe ta hagu da dama domin ya ga mai jifan ƙwallo. Layukan can baya na ƙasa suna ƙarƙashin bene, suna da inuwa da kariya daga yayyafi, amma idan aka buga ƙwallo sama sai ta ɓace wa ido, allon sakamako ma ba a ganinsa. Shafukan sayar da tikiti suna nuna hoton abin da ake gani daga kowane sashe, kuma wannan aiki ne da ya kamata a damƙa wa matashin, domin ya fi iyayensa haƙurin bincike a waya. A ganina, layukan gaba na benen sama a ɓangaren zango na uku, wato gefen hagu idan mai kallo yana bayan mai bugun ƙwallo, su ne mafi dacewa da wanda bai saba kallon wasan ba, saboda ana ganin filin gaba ɗaya kamar an shimfiɗa taswira, inuwa tana riga isowa can da yamma, kuma a wannan ɓangaren ne mazaunin 'yan wasan Cubs yake.

Matashin zai iya nacewa a kan bencunan da ke bayan katangar ƙarshen fili, domin can ne ake ta ihu, can ne ƙwallon da aka buga ta tsallake katanga take faɗawa, kuma idan abokan hamayya ne suka buga ta, al'adar wurin ita ce wanda ya cafe ya wurgo ta cikin fili a mayar musu da abarsu. Sai dai a san abin da ake saye. Bencunan ba su da majingina, ba su da inuwa, yawancinsu ba a ware wa kowa wuri ba sai wanda ya riga zuwa, kuma shan giya ya fi yawa a can, tare da irin maganganun da ke biyo bayansa. Uba ko uwa su auna ɗansu su yanke hukunci.

Tikitin yana zuwa ne a waya ta manhajar MLB Ballpark, kuma a cikin filin ba a karɓar tsabar kuɗi, sai kati ko biya ta waya. Ba a shiga da jakar goyo. A cika cajin waya kafin a fito, a kuma tura wa matashin nasa tikitin a tasa wayar, saboda ko an rabu a cunkoson ƙofa kowa zai iya shiga ya sami kujerarsa.

Wasan kansa yana buƙatar ɗan bayani kafin ranar, in ba haka ba mutum zai ga kamar tsayuwa kawai ake yi. Mai jifa yana wurga ƙwallo daga tazarar ƙafa 60 da inci 6, mai kulki yana ƙoƙarin bugunta. Idan mai kulkin ya rasa jifa mai kyau sau uku an fitar da shi, idan kuma mai jifan ya kauce wa inda ya kamata sau huɗu, mai kulki ya taka zuwa zango na farko kyauta. Zango huɗu ne, tsakanin kowanne da na gaba ƙafa 90, kuma wanda ya zagaye su ya dawo gida ya ci wa ƙungiyarsa maki ɗaya. Idan aka fitar da mutum uku sai a yi musaya, masu bugu su koma tsaro, kuma zagaye tara ake yi. Tun da aka sanya wa mai jifa agogo a 2023, wasa yakan ƙare cikin kusan awa biyu da minti 40, inda a da yakan haura awa uku. Hanya mafi kyau ta riƙe hankalin matashi ita ce a saya masa takardar rubuta sakamako da fensir a ƙofa. Kowane mai tsaro yana da lamba, mai jifa 1, mai cafewa 2, har zuwa 9, kuma da ya rubuta 6-3 sau biyu ya gane cewa mai tsaron tsakanin zango na biyu da na uku ne ya ɗauki ƙwallo ya wurga wa na zangon farko, za a ji yana cewa, "Baba, dubi yadda suka matsa baya tun kafin ya buga," alhali wayarsa tana aljihu.

A ranar wasa kada a yi tunanin mota, domin filin yana tsakiyar unguwar zama ne kuma wurin ajiye mota kaɗan ne ga tsada. A hau jirgin ƙasa na Jan Layi, wanda alamomi suke kira Red Line, daga tsakiyar birni zuwa tashar Addison, tafiyar kusan minti 20. A sayi katin hawa jirgi na Ventra na kwanaki ga kowa, a bar matashin ya zama jagora: shi zai duba taswira, shi zai faɗi inda za a sauka, ko da yake ɓata hanya da wuya, tun da kowace tasha sai magoya bayan Cubs masu shuɗiyar riga sun ƙaru a cikin jirgin. A isa da awa ɗaya da rabi kafin farawa, a ɗauki hoto gaban jan allon da ke mahaɗar titin Clark da Addison, sannan a shiga. Daga ƙarƙashin bene mai duhu da ƙanshin soyayyar albasa ake hawa 'yan matakala, sai kwatsam koriyar ciyawa ta buɗe, ga katangar bulo lulluɓe da ganyen da aka dasa a 1937, ga babban allon sakamako, shi ma na 1937, wanda har yau mutane ne a cikinsa suke sauya lambobi da hannu. Idan ƙwallo ta maƙale cikin ganyen, mai tsaro ya ɗaga hannayensa sama, alƙalin wasa ya ba mai bugu zango biyu. A tsakiyar zagaye na bakwai kowa yana miƙewa a rera waƙar gargajiyar wasan tare, bayan an tashi kuma ana ɗaga farar tuta mai harafin W idan Cubs ta yi nasara, ko shuɗiya mai L idan ta sha kashi, domin masu wucewa a jirgi su gani. Ƙungiyar nan ta yi shekara 108 ba ta ɗauki kofi ba, daga 1908 har 2016, abin da ya sa tsofaffin da ke zaune kusa da ku suke da labarin bayarwa idan matashin ya tambaye su.

Tsiran da Shikago ta yi suna da shi na naman sa ne, ana zuba masa mustad da albasa da tumatir da barkono, kuma 'yan gari ba sa sanya masa miyar tumatir ta kwalba. Naman sa dai bai zama yankan Musulmi ba, don haka wanda ke kiyaye wannan ya ci ya ƙoshi kafin ya shiga, ya tsaya ga gyaɗa da gugguru a ciki. Titin Devon a arewacin birnin cike yake da gidajen abincin halal na 'yan Pakistan da Indiya, kuma ya dace da cin abincin dare bayan wasan rana.

Sauran kwanakin kada a cika su. Babban abu ɗaya a rana ya isa, kuma matashin ya zaɓi aƙalla rabinsu: jirgin ruwan da ke zagaya Kogin Shikago ana bayanin gine-ginen da suka tashi bayan gobarar 1871, ko akwatin gilashi da ke hawa na 103 na dogon ginin Willis Tower, ko jirgin yaƙin ƙarƙashin ruwa na Jamus, U-505, da aka kama a 1944 aka ajiye a gidan tarihin kimiyya da masana'antu. A bar shi ya yi barcin safe, a ware masa kuɗin kashewa tun rana ta farko, ya san cewa idan ya sayi rigar ƙungiya a shagon filin to na hula ya ƙare. Otal kuwa a neme shi kusa da wata tashar Jan Layi, a lissafa da harajin da ya haura kashi 17 cikin ɗari wanda ba kasafai ake nuna shi a farashin farko ba. Jirgin ƙasa na Shuɗin Layi yana kai mutum filin jirgin sama na O'Hare daga tsakiyar birni cikin kusan minti 45, kuma dare da rana yake aiki.