Yadda ake haɗa waya da na'ura ta Bluetooth ba tare da an bar ƙofa a buɗe ba

Ba zan tsaya nuna maka inda maɓallin Bluetooth yake ba, wannan kowa ya sani. Inda na ga mutane suna faɗuwa, har da waɗanda suka daɗe da waya a hannu, shi ne 'yan daƙiƙun nan da na'urori biyu ke gaisawa karon farko. A lokacin ne suke ƙulla makullin sirrin da za su riƙa gane juna da shi duk sanda suka sake haɗuwa. In an ƙulla shi da wanda bai dace ba, to an yi gini a kan yashi.

Fara da sabunta manhajar wayarka. A 2017 kamfanin Armis ya bankaɗo wasu ramuka da aka sa wa suna BlueBorne, waɗanda suka shafi Android da Windows da Linux da iPhone masu tsohuwar manhaja. Mai kutse ba ya buƙatar amincewarka, ya ishe shi Bluetooth ɗinka na kunne kuma yana kusa da kai. A 2019 aka sake gano wani mai suna KNOB, wanda ke tilasta wa na'urori biyu su yarda da makulli gajere ƙwarai, mai sauƙin fasawa. Sabuntawa ce ta toshe waɗannan. Wayar da kamfaninta ya daina aiko mata sabuntawa kuwa, ni ba na kunna mata Bluetooth a cikin jama'a, kai ma kada ka kunna.

Sai zaɓen wuri. Ana yawan cewa zangon Bluetooth mita 10 ne, kuma haka yake ga yawancin iyafis da ƙananan lasifika. Amma akwai na'urori masu ƙarfi da ke kaiwa mita 100, mai eriya ta musamman kuma yana iya jiyo sigina daga inda ba ka zato. Haɗawar farko a gida ake yin ta ko a ofis, ba a tasha ko ɗakin taro ba.

Yanzu ga inda aikin yake. Ka sa na'urar a yanayin neman haɗi, yawanci za ka ga fitilarta tana ƙyaftawa, sannan ka duba jerin sunayen da suka fito a wayarka. Kada ka yarda da suna kawai. Na'urori samfuri ɗaya duk sunansu ɗaya, kuma kowa na iya canza sunan tasa ta zama irin taka. In sunan ya fito sau biyu, kashe taka ka ga wanne ya ɓace.

Idan na'urar tana da fuska, kamar mota ko kwamfuta ko agogon zamani, lambobi 6 za su bayyana a can, su kuma bayyana a wayarka. Ka karanta su ɗaya bayan ɗaya, dukkan shidan, kafin ka danna amincewa. Wannan tsari ya shigo ne da Bluetooth 2.1 a 2007, kuma ba ado ba ne. Kowace na'ura tana lissafo lambobin ne daga bayanan da suka yi musaya. Idan wani ya shiga tsakani, yana yi wa wayarka shigar motarka, yana yi wa motar shigar wayarka, lambobin ba za su zo ɗaya ba sai dai da sa'ar ɗaya cikin miliyan. Wato injin ya gama nasa, idonka kaɗai ya rage, amma sai ka ga mutum ya danna tun kafin lambobin su gama fitowa. In ka ga bambanci ko na lamba ɗaya, soke, kashe Bluetooth, ka bar wurin kafin ka sake gwadawa.

Kibod nasa daban ne: kwamfuta za ta nuna maka lambobi, ka buga su a kan kibod ɗin. Kada ka sayi wanda ba a san kamfaninsa ba don arha, domin duk kalmar sirrin da ka mallaka ta cikinsa za ta bi.

Iyafis da lasifika ba su da fuska, don haka babu lambar da za ka gwada, haɗuwa kawai suke yi. Wannan hanya tana ɓoye abin da ke wucewa, amma ba ta tabbatar maka da wa ka haɗu ba, shi ya sa na nace a kan wuri. Tsohuwar na'urar da ke neman ka buga 0000 ko 1234, wannan kiɗa kawai za ka ji da ita, ban da kiran da ya shafi sirri.

Da zarar an haɗu, wata tambaya za ta biyo: ka yarda na'urar ta ga lambobin mutanenka da tarihin kiranka, wani lokaci har da saƙonni? A nan ni na yi kuskuren da har yau yake damuna. Na taɓa karɓar motar haya a wata tafiya, ina sauri, na haɗa wayata don in ji kwatancen hanya, na danna amincewa a kan duk abin da ya fito. Sai da zan mayar da motar na buɗe jerin kira a fuskarta, na ga sunayen iyalina da abokan aikina a jere, ga kuma sunayen wayoyin mutanen da suka hau kafin ni, babu wanda ya goge tasa. Da ban duba ba, da haka zan miƙa amanar mutane ga wanda ban sani ba. Lasifika ba ta da abin yi da lambobin mutanenka. Motar da ba taka ba ma haka. Ka ce a'a, sauti zai fita lafiya lau.

Sauran ba su da wuya. Lokaci zuwa lokaci ka buɗe jerin na'urorin da wayarka ta sani, ka mantar da ita duk wadda ka sayar, ko ta ɓace, ko ba ka gane ta ba. A mota, gogewar ta ɓangare biyu ce, a waya da kuma a motar. Buƙatar haɗi da ta faɗo maka ba kai ka nema ba, ƙi ta. Masu iPhone su sani cewa tun daga iOS 11, wato zubi na 11 na manhajar iPhone, maɓallin Bluetooth da ke shafin da ake jawowa daga gefen fuska yana cire haɗi ne kawai, ba ya kashe Bluetooth ɗin, sai an shiga saiti. AirDrop da Quick Share, hanyoyin tura hotuna da fayil zuwa wayar da ke kusa, su kuma a bar su a kan mutanen da ka sani kaɗai. NFC, wadda ake biyan kuɗi da ita ta hanyar kara waya a jikin na'ura, zangonta 'yan santimita ne, amma in ba ka biyan kuɗi da waya, kashe ta. Na'urar Wi-Fi ta gida kuwa ka sa ta a tsarin tsaro na WPA2 ko WPA3, ka kashe WPS, wato hanyar shiga Wi-Fi ba tare da buga kalmar sirri ba, domin tun 2011 aka nuna cewa lambobinta 8 ana iya cinko su da gwaji kusan 11,000 kacal.